Nonon Matar Auta

Da ƙaramin yatsa ake yi. A zura shi ta gefen bakin jaririya a hankali, iska ta ɗan shiga, sai nono ya suɓuce ba tare da ta ja ba. Matar Auta ta ƙware a wannan aiki har ta daina duban fuskar yarinyar in tana yi. Da ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin Yaya a tsakar gida, yatsan da kansa yake tafiya.

Yarinyar ta buɗe baki tana laluben iska, ta yi ɗan ƙorafi, ta bari. Wannan halin ne ya sa Mama, uwar mijin, ta laƙaba mata 'Yar Haƙuri, sunan kuwa ya bi ta.

"Ina matar nan? Na makara," in ji Yaya daga bakin ƙofa.

Yayar Auta ce, babbar 'yar Mama, a banki take aiki. Ɗanta na saɓe a kafaɗa ɗaya, jakar kayansa na rataye a ɗayar, tana ta duba agogon hannu.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Karɓe shi, tun asuba yake ba mu oda."

Janar ake ce wa yaron, don in ya buɗe baki sai gidan duka ya miƙe tsaye. Matar Auta ta kwantar da 'yarta a katifa, ta karɓe shi, ta sa shi a nonon da yawun yarinyar bai gama bushewa a kai ba. Ya cafka da ƙarfi, yana haɗiya ƙwat-ƙwat, diddigensa na dukan cinyarta. Yaya ta ɗan tsaya tana kallonsa, fuskarta ta yi laushi, ta ce Allah ya yi albarka, ba a san ko da wa take ba, ta fita.

Da roƙo abin ya fara. Da aikin tiyata aka ciro Janar, 'yan makonni kafin haihuwar 'Yar Haƙuri, nonon uwarsa bai taɓa kawowa sosai ba, ga hutun haihuwa ya ƙare. Aka sayo madarar jarirai ta ƙasar waje, kwali guda. Yaro ya sha ya amayar, ciki ya kumbura, ƙuraje suka feso masa har fatar ido. Aka canza wata, aka sake canzawa, duk kanwar ja ce. Likita ya ce cikinsa ba ya karɓar madarar shanu, a nema masa nonon mutum. Ranar da Yaya ta kawo wannan labari tana kuka, Mama ta ɗaga ido ta hango surukarta a can ƙarshen falo, gaban rigarta jiƙe sharkaf, ta ce ashe Allah ya ajiye musu maganin a cikin gida. Na ɗan lokaci ne, kafin cikinsa ya yi ƙwari. Matar Auta ta ce to. Wa zai ga jariri yana soshe kansa har jini ya ce a'a?

Da fari su biyun take shayarwa, kuma yana isa. Sai ran nan Janar bai ƙoshi ba, ya yi ta tsala ihu har uwarsa ta taso daga aiki ta same shi murya a dishe. Washegari Mama ta kafa doka.

"Shi za ki fara ba, ya sha duka biyun ya ƙoshi. Ita ai cikinta ba ya ƙin komai. Ga madarar nan jibge a ɗakina, ta ƙasar waje, za mu zubar ne? Gata ne ya samu 'Yar Haƙuri."

Haka aka yi musaya, yaron ya karɓi nonon yarinyar, yarinyar ta gaji gwangwanayensa.

Matar Auta kuwa, wadda a da sai ta gama wanke tukwane take zama cin abinci, sai ta wayi gari ita ce 'yar lelen gida. Ƙwai da safe, kifi da rana, shayi mai kauri duk sanda ta juya. In ta ɗauki tsintsiya Mama ta fizge. "Zauna. Kin ci? Kin sha ruwa? Kar ki sa damuwa a ranki, tana tsinka nono." Maƙwabta suna cewa ta yi sa'ar uwar miji, irin wadda ake nema da addu'a. Ita dai ta lura da abu ɗaya, in Mama na tambayar lafiyarta ba fuskarta take duba ba, ƙasa kaɗan take duba.

Da Janar ya ƙara girma sai na rana ya daina isarsa, a gidansu ma yana nema. Wata Asabar Yaya ta zo da kwali ta buɗe a falon Mama. Ɗan injin tatsa ne, da mazurari biyu na roba, da siraran bututu, da kwalabe masu layin awo a jiki. Aka ɗora mata, aka kunna. Yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, farin ruwan na sauka ɗis-ɗis a idon kowa.

"Kin ga ba wahala," in ji Yaya. "Da la'asar ki cika biyu, in na taso in wuce da su. Likitansa fa zaunar da ni ya yi ya yi min bayani. Ya ce babu abin da ya kai nono. Shi ne rigakafin farko, yana tare gudawa, yana tare ciwon ƙirji, ba ya ɗaukar datti, ba a dafa shi, ga gina ƙwaƙwalwa. Ke ma riba kike ci. Mai shayarwa mahaifarta na saurin komawa, tumbi ya tafi, ya ce har ciwon dajin mama yana rage mata haɗarinsa. Ni dube ni nan, har yau kayana na da ba sa shigata."

"Ai ita ce ma ya kamata ta yi godiya," in ji Mama, suka yi dariya.

Matar Auta ta dubi 'Yar Haƙuri, tana kwance a cinyar Mama tana tsotsar fida, kwalbar shan madara.

"To ita fa, Yaya? Gudawar da ciwon ƙirjin."

Injin ya ci gaba da gurnani.

"Ita ai ta sha na fari, mai kaurin nan, shi ne babba," in ji Yaya. "Kuma madarar nan ba ta banza ba ce, masana ne suka zauna suka haɗa ta."

"'Ya mace ba ta da laulayi irin na namiji," in ji Mama. "Ni da na raini yara gida guda, na sani."

Ba a daɗe ba Mama ta gano cewa yarinyar na rage nonon kafin gari ya waye, Janar ya iso ya tarar da saura. Sai ta ɗauke ta ta mayar da ita ɗakinta da kwana. Ta ce don uwar ta samu barci ne, barci yana kawo nono. Matar Auta ta naɗe ɗan bargon da ya rage a gefen katifa ta sa a ƙarƙashin matashi. Ta yi barci kuwa, mai nauyi, ba mafarki, ta tashi ƙirji cike kamar zai fashe, ta zauna jiran takalmin Yaya.

Wata rana Mama ta shiga wanka, Janar na barci, sai Matar Auta ta lallaɓa ta ɗauko 'yarta ta shige bayan ƙofa kamar mai sata. Ta sa mata nono a baki. Yarinyar ta ɗan lasa, ta jira ya zubo da kansa yadda fida ke yi, bai zubo ba, ta kawar da kai. Ta sake sa mata, ta sake kawarwa, tana banƙarewa. Matar Auta ta tsaya riƙe da nono a hannu tana kallon ƙeyar 'yarta. Ta nemi kuka a cikinta ba ta samu ba, sai ta gyara riga ta mayar da ita inda ta ɗauko.

Da yamma Auta ya dawo. A siton kamfanin mijin Yaya yake aiki, yana dawowa gashin ido duk ƙurar kwali. Ta bari sai da ya ci rabin abincinsa.

"Yarinyar nan ta fara ƙin nono."

"Wane nono kuma? Ba madara take sha ba?"

"Nawa. In na ba ta sai ta juya kai."

"To ai kin ga ta zaɓa, 'yar gayu ce." Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba ta taya shi ba, ya bari.

"Ka yi wa Mama magana. A bar min ɗaya. Na hagu kawai, shi ya sha na dama."

Ya jawo kwanon wanke hannu, ya daɗe yana wanke yatsun da ba su da wani datti.

"Kin san a ƙarƙashin wa nake cin abinci. Kuma Yaya ce ta goya ni a bayanta, da wane baki zan ce mata ina yi wa ɗanta rowa? Ki yi haƙuri, saura ƙiris ya fara cin abinci, kowa ya huta. Lada kike samu. Ɗanki ne fa yanzu, sun zama wa da ƙanwa."

"Na sani."

"Yawwa. Akwai sauran miya?"

Gwangwanayen ƙasar waje suka ƙare, kamar yadda gado ke ƙarewa. Yaya ta ce za ta sayo, ta manta, ta sake cewa za ta sayo. Auta ya kawo ƙaramin gwangwani sau ɗaya, Mama ta yi ta ja da shi, tana rage gari tana ƙara ruwa. Ɗan cokalin awon ya ɓata, ta koma cokalin shayi, daga nan kuma ta koma madarar shayin ita kanta, ta ce madara ai madara ce, duk daga saniya suke. Kwalaben Janar suna da tukunyarsu ta musamman da ake tafasa su a ciki, haka Yaya ta ce a yi, Mama kuma ba ta taɓa saɓawa ba. Fidar 'Yar Haƙuri ana ɗauraye ta a baho tare da kofuna, a kife a taga, ƙuda su yi mata gadi.

Gudawa ta fara. Mama ta shafa dasashin yarinyar da yatsa ta ce haƙori ne. Gudawar ta tsaya kwana biyu, ta dawo, Mama ta ce ai haƙori ba ya fitowa rana ɗaya. Wuyan yarinyar ya yi tsawo, rigunanta suka yi mata yawa, kukan da dama ba yawa gare shi ba ya ƙara raguwa. Duk wanda ya shigo gidan sai ya yaba, ya ce wannan yarinya ko a ce babu jariri a ɗaki.

Ranar rigakafi Yaya ta ɗauki hutun safiya ta kai su asibiti a motarta. Mata cike da benci, kowa da goyonta. Nas mai awo babbar mace ce mai tabarau, muryarta na kaiwa ƙarshen baranda. Ta ɗora Janar a sikeli, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Masha Allah. Me kike ba shi?"

"Nono zalla, Sista. Ko ruwa ba ya sha," in ji Yaya.

Nas ta ɗaga shi sama, cinyoyinsa na rawa, ta juya shi ga benci.

"Ku duba nan, mata. Wannan shi ne aikin nono. Ba tari, ba gudawa, fata kamar an shafa mai. Ma'aikaciya ce fa uwarsa, amma ba ta yi wa ɗanta rowa ba."

Mata suka yi ta tubarkalla. Yaya ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Aka ɗora 'Yar Haƙuri. Nas ta dubi sikeli, ta dubi yarinyar, ta kama fatar cikinta ta saki, fatar ta yi jinkirin komawa.

"Ke kuma me kike ba ta?"

"Madara."

"Nonon ne babu?" Idonta ya sauka a ƙirjin Matar Auta, inda jiƙa ta ɓullo har kan mayafi. "Ga shi har zuba yake. To ajiyar wa kike yi? Ku 'yan matan yanzu, tsoron kada ya zube ya fi muku ran ɗa. Ba ki ga na 'yar uwarki ba?"

Benci ya ɗauki guna-guni. Matar Auta ta juya ta dubi Yaya. Yaya na ɓalle wa Janar maɓallin riga, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana cewa eh ranka ya daɗe, yanzu zan shigo. Matar Auta ta mayar da ido kan sikeli.

Nas ta ga yadda ta yi zuru, sai ta sassauta murya.

"Ki yar da fidar nan. Ki riƙa sa ta a ƙirjinki, fata da fata, in ta ƙi ki sake gwadawa. Ki tatsa ki ba ta da kofi ko cokali. Za ta koma, ba a makara ba. In gudawar ta ƙaru, ko kika ga ta daina fitsari, ki kawo ta, ba jira."

A mota Yaya ta ce kar ta sa maganarsu a rai, nas-nas ɗin nan ba su iya magana ba. Ta tsaya a kanti ta sayo mata lemo mai sanyi, ta sayo wa yarinyar gwangwani ɗaya na mai tsadar. Ta miƙo su ta baya ba tare da ta waiwayo ba.

A gida Matar Auta ta faɗa wa Mama abin da nas ta ce.

"To ki ba ta mana, wa ya hana ki? In Janar ya gama."

In Janar ya gama kuwa ba ya barin komai sai fata. Yarinyar ta ja sau ɗaya, sau biyu, ta saki. Sai Matar Auta ta koma ɗiban cokali biyu-uku daga kwalaben la'asar tana ɗura mata a ɓoye. Mama ta ɗaga kwalba a hasken taga ta ga bai kai layi ba, ta ce an fara ha'inci ke nan, abin amana. Daga ranar ta riƙa jawo kujera tana zama gadi har a kashe inji, tana jan carbi.

Matar Auta ta daina magana a kai. Abin da aka ba ta ta ci, inda aka ce ta zauna ta zauna. Takan ƙura wa bango ido tana jin ana ja ana saki, kamar ƙirjin wata ne aka jingina da ita. Tana son 'yarta, ta san tana sonta, amma son ya koma kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai, ana taɓawa ba a ji.

Aka tura Yaya kwas wani gari, aka baro Janar a gidan gaba ɗaya. A makon ne gudawar ta haɗu da amai. Da safe Matar Auta ta shiga ɗakin Mama gaisuwa, ta tarar da yarinyar kwance ido a buɗe, sun faɗa ciki, maɗiga ta lotsa, ƙyallenta a bushe tun jiya. Tana buɗe baki kamar mai kuka, ba sauti, ba hawaye.

"Mama, asibiti zan kai ta."

"Ki kai ta mana, jikata ce, ni ma ban runtsa ba." Mama ta gyara wa Janar kwanciya a kafaɗarta, bai daɗe da gama sha ba. "Amma asibiti an san shiga ne, ba a san fita ba. Ki bar masa na wuni. In ya tashi da yunwa me zan ba shi? Kin san ba ya shan komai, kuma amana ne."

Matar Auta ta auna a ranta, ta ga zama zai fi gardama sauri. Ta kwantar da yarinyar a kan kujera kusa da cinyarta, ta ɗora mazuraran biyu, ta kunna. Nonon da yaro ya riga ya shanye ba ya saurin kawowa. Ta zauna, ido ɗaya a kan kwalba, ɗaya a kan ƙirjin yarinyar da ke hawa da sauka da sauri-sauri. Sau biyu ta kai hannu za ta kashe.

"Ɗan ƙara kaɗan, ya kai layi," in ji Mama.

Ya kai layi. Mama ta rufe kwalaben ta sa a firij, ta yi mata addu'ar sauƙi har bakin ƙofa.

A asibiti ba a sa ta layi ba, nas na ganin yarinyar ta karɓe ta ta yi ciki. Aka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, aka aske gefen kai aka samu. Aka rataya ƙarin ruwa, aka zura siririn bututu ta hanci. Likitar matashiya ce, idonta ja don gajiya. Ta miƙo wa Matar Auta ɗan kofi.

"Ba za mu ba ta madara ba, hanjinta ba zai ɗauka ba. Naki muke so, ko kaɗan ne, mu ba ta ta bututu. Shi ne abin da cikinta zai riƙe."

Matar Auta ta shiga bayan labule ta matsa na dama, ta matsa na hagu, ta matsa har fatar ta yi ja. Abin da ya fito bai rufe gindin kofin ba. Ta kawo.

"Ba kin ce kina shayarwa ba?"

"Ina shayarwa."

"To ina nonon?"

"Yana gida, a firij."

Likitar ta dube ta, ta buɗe baki za ta tambaya, aka kira ta a wani gado. Ta ce ta sha ruwa ta zauna kusa da yarinyar, zai kawo.

Ya kawo kuwa, wajen la'asar, da kansa, yana tsikararta. A daidai lokacin Auta ya shigo daga wurin aiki, ya biya ta gida, yana rataye da wata jaka mai ƙanƙara a ciki. Ya tsaya a kan gadon ya daɗe yana kallon bututun da ke hancin 'yarsa, ya shafa tafin ƙafarta da yatsa.

"Sannu," ya ce. Ya ɗan yi gyaran murya. "Mama ta ce na safen ya kusa ƙarewa. Ta ba ni injin, yana aiki da batir."

Ta karɓa. Ta ja labule, ta tatsa, kwalba ta cika har ta wuce layi. Da ta fito Auta ya miƙo hannu, ta wuce shi ta kai wa nas.

"Na 'yata ne."

Auta ya tsaya hannu a miƙe, ya mayar da shi aljihu. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta, ta sake yi, ya fita baranda.

Nas ta zuƙi kaɗan a sirinji, ta jona a bututun, ta tura a hankali. Matar Auta ta bi farin da ido yana tafiya cikin robar, ya zagaye kumatu, ya shige hanci. Ta kama ƙarfen gado ta riƙe. Nas ta ce kaɗan-kaɗan za a riƙa ba ta, in wannan ya zauna a ƙara. Ta manna wa kwalbar lambar gado ta kai firij ɗin ɗakin.

Ba a kai ga na biyu ba. Rana na shirin faɗuwa numfashin yarinyar ya canza. Aka zo da gudu, aka ja labule, aka yi abin da ake yi. Likitar ta cire abin sauraren ƙirji daga kunne ta rataya a wuya, ta ce sai haƙuri.

Matar Auta ta gyaɗa kai. Ta zare wa yarinyar filastar da ke kumatu a hankali don kar ta ji zafi, ta naɗe ta a zani. Tana tattara ƙyallaye sai nas ta zo da kwalbar, da kaɗan ta ragu, ta tsaya tana juya ta a hannu.

"Wannan naku ne."

Auta ne ya karɓa. Idonsa sun yi ja, hancinsa na zuba. Ya dubi kwalbar, ya ƙara murɗa murfin, ya buɗe jaka ya kwantar da ita a cikin ƙanƙara.

"Kar ya lalace," ya ce.

Kafin su isa gida ya cika da maƙwabta. Mama na kuka na gaske, har ana riƙe ta, tana cewa yarinyar a ɗakinta take kwana, a hannunta take ci. Yaya ta bugo waya tana shessheƙa, ta ce gobe za ta baro kwas ɗin, ta ce ita ta sayo mata gwangwani mai tsada da hannunta. Mata suka ce kwana ne ya ƙare, suka ce dama yarinyar ba ta yi kama da mai zama ba, shirunta ya yi yawa. Wata dattijuwa ta dafa kafaɗar Matar Auta ta ce Allah ya rufa mata asiri da akwai Janar, da nono ya sanƙare mata ya sa ta zazzaɓi, ta ci gaba da ba shi, magani ne a gare ta.

Abin da ya fi ban haushi shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Babu wanda ya taɓa dukan 'Yar Haƙuri, babu wanda ya tsane ta, kuma ba a kashe ta da jahilci ba. A duk unguwar babu gidan da ya kai wannan sanin amfanin nono. Sun san yana tare gudawa, sun san yana riƙe rai, sun haddace kamar karatu, shi ya sa suka auna shi da layi, suka zauna gadinsa da carbi, suka duba cikin jarirai biyu suka zaɓi wanda ya cancanta. Suka zaɓi ɗan mai mota, suka bar wa 'yar mai sito cokalin shayi, kowa kuma ya kwanta da zuciya fara.

Matar Auta ta zame daga cikin mata ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin katifa. Gaban rigarta ya sake jiƙewa. Ta bangon tana jin Janar yana tsala ihu, ya ƙi hannun kowa. Ta ji Mama ta ja majina, ta kira Auta gefe, ta tambaye shi ƙasa-ƙasa ko an samu. Ta ji an zuge jaka, an zuba ruwan zafi a kofi, an jira.

Can sai kukan ya tsaya.